Abin da ya kamata ku sani game da birnin Haɗeja

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Haɗeja ɗaya ce cikin ƙananan sarautu bakwai na wannan yanki, irin su Auyo da Garun Gabas, duk suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadiman Nguru. Sarki Sambo, wanda ya hau a 1808, shi ya haɗa kan ƙasar, ya zauna a Haɗeja, ya faɗaɗa ganuwarta.

Sau biyu garin nan ya ƙi sunkuyar da kai, kuma da haka ya yi suna. Na farko a zamanin Buhari ɗan Sambo, wanda ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karya rundunar da aka turo masa a gamon Kaffur, har ya rasu a 1863 bai miƙa wuya ba. Haɗejawa na alfahari da jaruntakarsa, amma ƙauyukan gabashin Kano da ya yi ta kai wa hari suna tuna shi da ɗaci, kuma bai dace a ɓoye wannan ba.

Na biyu kuwa da Turawa ne. Kano da Sakkwato sun faɗi tun 1903, Haɗeja sai ranar 25 ga Afrilu, 1906. An gwabza a cikin gari har ƙofar fada, inda Sarki Muhammadu ya kwanta dama tare da manyan jarumansa. Shi ne Mai Shahada, kuma kabarinsa na nan a garin.

Baƙo ya daidaita zuwansa da hawan Sallah, ya ga dawakin masarauta a bayan Mai Martaba Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan karaga tun 2002. Ya zaga kasuwar kifi, sannan ya nufi dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi. Sai dai dausayin yana cikin matsi: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ganuwa. Ruwan sama ya zaizaye ta, masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci mafi yawanta. Ɗan abin da ya rage yana bukatar shinge da dokar hana taɓa shi, daga masarauta da gwamnatin Jigawa, tun kafin damina mai zuwa.