Garin Bakin Ruwa a Ƙarshen Bazara: Tsakanin Karaye da Rogo da Birnin Liyon

Shirin musamman na yau zai duba ziyarar garin da ke bakin ruwa a ƙarshen bazara, wato daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuni, kuma zai yada zango a wurare biyu masu nisa da juna: ƙasar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, inda aka datse kogin Challawa, da birnin Liyon na ƙasar Faransa, wanda ya zauna a mahaɗar koguna biyu. Dalilin haɗa su shi ne dukkansu ruwa ne babban arzikinsu, sai dai ɗaya ya riga ya juyo da fuskarsa ga ruwan har baƙi na tahowa daga nesa domin su zauna a gaɓarsa, ɗayan kuwa har yanzu bai gama yanke shawarar abin da zai yi da nasa ba.

Matafiyin da ya baro birnin Kano ya nufi Karaye a wannan lokaci yakan tarar da ƙasa tana jiran ruwan sama. Zafin rana yakan kusanci digiri 40 a ma'aunin zafi, iska takan yi nauyi saboda danshin da ke tahowa daga kudu, hadari kuma yakan taso da la'asar ya watse ba tare da ya zubar da komai ba, ko ya zo da guguwar da ke yaye rufin kwano. Manoma sun gama sharar gona, ana kai taki a amalanken shanu, masu gaggawa sun yi binne, wato shukar da ake rufewa a busasshiyar ƙasa domin ruwan farko ya tarar da ita. Shamuwa ta iso ta fara sheƙa a manyan itatuwan gari, kuma manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaukar zuwanta a matsayin albishir na damina. Mangwaro ya cika kasuwannin ƙauye. Rafukan da ke ratsa gundumomin Rogo, irin su Rogo Ruma da Gwangwan da Zarewa da Beli, yawancinsu sun koma rairayi, sai dai ramukan da masu lambu suka haƙa a tsakiyarsu suna jan ruwa da inji.

A cikin wannan ƙishirwa ne baƙo zai yi kiciɓis da ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Madatsar ruwan Challawa tana cikin ƙaramar hukumar Karaye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, kuma kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. An yi ta ne da tarin duwatsu da ƙasa da aka danne, a wurin da kogin ke matsewa cikin kwazazzabo, tsayinta mita 42, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, tafkin da ke bayanta kuma idan ya cika yana ɗaukar ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Kubik mita ɗaya lita dubu ce. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce, ita ke kula da madatsar, ita ke buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. A ƙarshen bazara tafkin yana matakinsa mafi ƙasa a shekara, domin wata bakwai ke nan ana sakin ruwa rana kuma tana ƙafar da shi ba tare da wani ya shigo ba, saboda haka gaɓar takan ja da baya ta bar shimfiɗar laka mai laushi wadda masu noman rani ke bi da shuka, makiyaya kuma su gangaro da shanu. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa mai son fahimtar madatsar ya zo, saboda alamar da ruwa ya bari a jikin duwatsu tana nuna masa inda damina ta kai shi da inda rani ya mayar da shi.

Garin da ke kusa da wannan ruwa ba sabo ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Karaye tun zamanin Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki, a ƙarni na 12, a matsayin garin da sai da aka yi zaman yaƙi na watanni kafin ya miƙa wuya. A ƙarni na 17, zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, Wambai Giwa ya zauna a Karaye yana fafatawa da Katsinawa, domin garin shi ne ƙofar Kano ta yamma. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da Karaye ɗaya daga cikin sababbin masarautu huɗu, a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, sannan a watan Yulin shekarar aka kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Ke nan baƙon da ya zo domin ruwa yana da tarihin da zai tambaya a ƙofar fada, idan ya sami mai ba shi.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne rayuwar bakin ruwan da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Masunta sukan fito da kwalekwale su ɗebo komar da suka kwana da ita a ruwa, wasu kuma su kifa ciki a kan gora suna iyo da ita suna duba tarkunansu, abin da suka fi kamawa kuwa karfasa ne da tarwaɗa. Masu sari na jira a gaɓa, mata masu suya da masu banda kuma, wato busar da kifi da hayaƙi domin ya jure tafiya, su ne ke mayar da kamun ya zama abin da zai kai kasuwannin nesa. Wannan sana'a ta bunƙasa ne bayan an datse kogin, kuma ba kyauta aka same ta ba, domin tafkin ya shanye gonaki da fadamu da tsofaffin matsugunai, mutanen da aka tasa suka sake gina rayuwa a kan tudu. Duk wanda ya tsaya yana sha'awar faɗin ruwan ya kamata ya tuna cewa a ƙarƙashinsa akwai gonakin gado na wasu iyalai.

Ruwan kuma ba na Karaye da Rogo kaɗai ba ne. Idan aka sake shi yakan bi kogin Challawa ya wuce ta kudancin birnin Kano, inda matatar ruwa ta Panshekara ke ɗibar na shan jama'a, sannan ya haɗu da kogin Kano da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, su zama kogin Haɗeja. Madatsun nan biyu su ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke isa dausayin Haɗeja da Nguru, kuma tun da aka gina su ambaliyar damina da manoman shinkafa da masunta da makiyayan can suka dogara da ita ta ragu, yayin da ruwan da ke gudana rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. A wannan dausayi ne dubban tsuntsayen Turai ke cin rani, kuma a watannin Maris da Afrilu sukan tashi su ƙetare Sahara su koma arewa, inda suke tarar da ƙasashe irin su Faransa sun fita daga sanyi.

A can, watan Mayu shi ne lokacin da ya fi daɗi a shekara. Zafi a Liyon yakan tsaya kusa da digiri 20, itatuwa sun yi sabon ganye, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, abin da Musulmin da ya je ziyara zai lura da shi a lokutan sallar magariba da isha'i. Birnin yana da babban masallaci da aka buɗe a 1994. Kogin Ron, wanda ya taso daga ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ya bi ta tafkin Janiba ya yi tafiyar sama da kilomita 800 kafin ya faɗa Bahar Rum, yana da ƙarfi a wannan lokaci saboda ƙanƙarar da ke narkewa, saɓanin Challawa da ke jiran hadari. A ƙarshen birnin ta kudu yake haɗuwa da kogin Son, wanda ya fi shi tafiya a hankali. Rumawa ne suka kafa garin a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a kan tudun Furbiyar, kuma daga baya ya shahara da saƙar siliki, har unguwar masaƙa da ke kan tudun Kurwa-Rus ta zama wurin da baƙi ke zagayawa suna ganin dogayen ɗakunan da aka gina domin masaƙar Jakar, wadda ke fitar da zane ta hanyar kati mai huji. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1998, jirgin ƙasa mai gudu kuma yana kawo mutum daga Faris cikin kimanin awa biyu.

Abin lura a nan shi ne mutanen Liyon ma sun daɗe suna tsoron kogunansu. Ambaliyar 1840 da ta 1856 sun rushe unguwanni, saboda haka aka ɗaure gaɓar da katangun dutse, a ƙarni na 20 kuma gefen kogin Ron ya zama wurin ajiye motoci. A 1933 aka kafa kamfanin ƙasa na kula da kogin, aka ɗora masa nauyi uku tare: samar da wutar lantarki, da sufurin jiragen ruwa, da ban-ruwa ga manoma, kuma madatsarsa ta farko a Jenisiya ta fara aiki a 1948. Sai a 2007 birnin ya kwashe motocin ya mayar da kimanin kilomita 5 na gaɓar wurin tafiyar ƙafa da keke, da inuwa da kujeru da filin wasan yara. Aikin bai buƙaci sabon kogi ba. Abin da aka ƙara shi ne hanya, da inuwa, da tsaro, da tsafta. Wannan ne ya sa a yammacin ranakun Mayu iyalai da ɗalibai da baƙi ke cika gaɓar, masu sayar da abinci da masu jiragen yawon kogi kuma ke cin kasuwa.

Ba duk abin da ke gudana a gaɓar Ron ne ya dace da tarbiyyar mutanen Karaye da Rogo ba, kuma babu mai neman a kwaso shi. Darasin da ya shafe su shi ne na tsari. Kano ma ta taɓa yin irin wannan tunani a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tsakanin 1967 da 1975, lokacin da aka gina madatsu aka kuma haɗa wasu da masaukin baƙi, kamar otal ɗin tafkin Bagauda, wanda yau ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, da otal ɗin kan dutse a Tiga. Challawa ta zo ne bayan wannan yunƙuri ya lafa, shi ya sa ta zama rumbun ajiyar ruwa kawai, maƙwabtanta kuma suka kasance kamar mai rijiya a tsakar gida da ke sayen ruwan garuwa.

Akwai abubuwan da ya wajaba a faɗa wa mai niyyar zuwa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, wato cutar fitsarin jini, saboda haka wanka da iyo a gefen tafki ba abin wasa ba ne, musamman ga yara. Guguwar farkon damina takan taso ba sallama, kuma kwalekwale ba ya jure ta. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife da fasinjoji, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka da dama. Allah ya jiƙansu da rahama. Wanda zai hau ruwa ya nemi rigar kariya daga nutsewa, ya ƙi jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ya fita da hantsi ya dawo kafin la'asar. Bangon madatsar da ƙofofinta wuraren hukuma ne da ake neman izini kafin a shiga, ladabin ƙauye kuma shi ne baƙo ya fara gaida mai gari da sarkin ruwa, wato shugaban masunta, kafin ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton mutane da sana'arsu.

Babbar barazana ga tafkin ita ce wadda ba a ganinta daga sama. Ruwan farko na damina yakan sauka a kan gonakin da aka share aka bar su tsirara, ya kwashi ƙasa ya bi rafuka da ita ya zube a ƙasan tafki, shekara bayan shekara, har mazubin ruwan ya ragu. Manomin Rogo da ya rasa ƙasar gonarsa da mai shan famfo a birnin Kano asararsu ɗaya ce, maganinta kuma yana kan tudu: dasa itatuwa a gefen rafuka, da barin ciyawa a bakin gaɓa, da yin kunya a gicciye da gangare.

Kira a nan yana zuwa ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatin Jihar Kano, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masarauta, su zauna tare da masunta da manoma su ware wuri guda a gaɓar Challawa, a gyara hanyarsa, a dasa masa inuwa, a yi masa masallaci da makewayi da matsayar jirage mai rigunan kariya, a kuma ba 'yan ƙasar fifiko wajen sana'o'in da za su biyo baya. Shugabannin makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai su ga inda ruwan famfon Kano yake kwana, kafin damina ta sauka hanyoyin ƙauye su yi wuyar bi.