Haƙar Zinariya Da Ruwan Shanunmu

Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da akasarin man fetur, zinariya ta zama abin dogaron Sudan. To, da zaiba ake tace ta. Ragowar ƙasar kuwa, wato karta, kamfanoni ke jiƙa ta da gubar sayanayid cikin kududdufai. Saniya ta sha, sai mushe. Bayan boren mutanen Talodi, gwamnati ta haramta magungunan nan a 2019, amma ba a daina ba. Shawararmu daga Kalakla: mai koro shanu daga Kurdufan, ya gargaɗi makiyayansa kada su shayar kusa da maniƙar dutse. Masu jari kuma su katange kududdufansu. Allah ya tsare dukiyarmu, amin.