EZH2: Furotin da Yawansa Cuta Ne, Ƙarancinsa Ma Cuta Ne

Zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ta jikin mutum, in aka miƙe shi, ya kai kusan mita 2. Abin da ya sa ya samu wurin zama shi ne an naɗe shi a jikin wasu furotin masu suna histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. Naɗin nan ba na adana kaɗai ba ne. Inda ya matse, ƙwayoyin gadon da ke wurin ba sa aiki. Inda ya yi sako-sako, suna yi.

EZH2 na cikin masu matse shi. Yana aiki ne a cikin wani rukunin furotin da ake kira PRC2, inda yake liƙa wa histon H3 wata ƙaramar alama ta sinadarin metil a gurbi na 27. Alamar na sauka, sai ƙwayoyin gadon yankin su yi tsit. Da irin wannan ne ƙwayar hanta take zama ta hanta, ba ta rikiɗe ta koma ta fata ba.

A 2002, masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka gano EZH2 ya yi yawa a kansar furostet ta maza wadda ta bazu a jiki. A 2010 kuma aka gano a Kanada cewa a wasu nau'o'in kansar kaluluwa furotin ɗin ya samu sauyi, daga baya aka fahimci sauyin ƙara masa ƙarfi yake yi, har ya rufe ƙwayoyin gadon da ke hana ƙwayar halitta yawaita barkatai.

To a nan gizo yake saƙar. A 2010 ɗin dai wasu masanan suka ga akasin haka a cututtukan ɓargo: EZH2 ya lalace, ba ya aiki, kuma hakan ma yana taimaka wa kansar jini.

Shi ya sa maganin da ke danne shi yake buƙatar taka-tsantsan. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da wani irin wannan magani mai suna tazemetostat a 2020, ga wata kansar tsoka da ba a cika samu ba da kuma nau'i ɗaya na kansar kaluluwa. Amma tun a 2018 ta taɓa dakatar da ɗaukar sababbin marasa lafiya a gwajinsa, bayan wani yaro da ke shan sa ya kamu da wata kansar ta daban. Gargaɗin hakan ya shiga takardar maganin.