Murar Tsuntsaye da Sha'anin Diyyar Mai Kaji

Tun daga watan Fabrairu na 2006, sa'ad da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye, irin wadda masana suke kira H5N1, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji cikin jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka shaida ta a kajin Afirka, cutar nan ba ta rabu da mu ba. Takan lafa har a manta da ita, sa'an nan ta komo, kamar yadda ta yi a Kano da Legas a farkon 2015, ta kuma maimaita a 2021.

Dalilin da ya sa likitocin mutane suke sa ido a kan ciwon kaji shi ne, ƙwayar mura halitta ce mai yawan sauya kama, kuma idan ta tsuntsu da ta ɗan Adam suka gamu a jiki guda, suna iya musayar sassa su haifi sabuwa wadda jikin kowa bai san ta ba. Ta haka annobar 1957 da ta 1968 suka samo asali. Har yanzu, cikin ikon Allah, H5N1 ba ta sami hanyar yaɗuwa tsakanin mutane da sauƙi ba, ko da yake ta yi ajalin wata mata a Legas a Janairun 2007.

Galibi akan ɗora alhakin kan tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma lalle suna da nasu kaso. Amma wanda ya yi la'akari da yadda kiwon kajin gidan gona ya bunƙasa, da yadda 'yan tsaki da kiret ɗin ƙwai da buhunan kashin kaji suke yawo daga gona zuwa gona, da yadda ake cakuɗa kaji da agwagi da zabi a keji ɗaya ranar kasuwa, zai gane cewa fatauci ya fi fiffike saurin kai cuta. A watan Fabrairun 2006 ɗin ma aka same ta a Magarya, cikin Nijar.

A ganina, inda tadbirin hukuma ya fi rauni shi ne sha'anin diyya. Da farko naira 250 aka yanka wa kowace kaza da aka hallaka, alhali kuwa kuɗinta a kasuwa ya zarce haka nesa. To, mutumin da jarinsa duka yake cikin garke ɗaya, da ya ga kaji sun fara mutuwa, wace maslaha yake da ita wajen kiran likitan dabbobi? Sai ya rufa wa kansa asiri, ya karyar da sauran ga dillalai da araha, cutar kuwa ta hau mota.

Akwai cibiyar binciken dabbobi a Vom, akwai kuma ɗakunan gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya take haɗa kansu tun 1952 domin bin diddigin mura, amma dukkansu abin da aka kai musu kaɗai suke aunawa. Allurar rigakafi kuwa, annobar mura ta 2009 ta nuna cewa haɗa ta yakan ci wajen wata shida, kuma ƙasashe masu hali ne suke fara saye. Saboda haka tanadin da ya fi kusa da hannunmu shi ne labari ya iso da wuri, kuma ba zai iso ba sai mai kaji ya sakankance cewa za a biya shi daidai da farashin kasuwa, kafin bashin abincin kaji ya ci gonarsa.