Tsuwwar tayar baya: ka saurari motarka kafin ka sayi kaya

Yau saƙo ɗaya tak za mu ɗauka, don amsarsa tana da ɗan tsawo. Wani bawan Allah ne ya turo mana shi daga Zariya. Ya ce yana da Corolla ƙirar 2006, yau kusan sati uku ke nan tayar baya ta hannun dama tana wata ƙara, ƙii, ƙii, ƙii, kamar tsuwwar ɓera. Ya kai gareji aka ce boris ne. Ya saya, aka sa, ya biya kuɗin aiki, bai ma kai gida ba ƙarar ta dawo. Yanzu kuma an ce masa shakazoba ce. Shi ne yake tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To malam, ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ya same ka shi ne gyaran canki-canka, a canza wannan a gani, in bai yi ba a canza wancan. Kuma gaskiya ba kullum laifin bakanike ba ne shi kaɗai. Mai mota zai zo ya ce "tana ƙara a baya", shi ke nan bayanin da zai bayar, ya ajiye mukulli ya tafi. Alhali wanda ya fi kowa sanin lokacin da ƙarar take zuwa shi ne mai tuƙa motar kullum. Lokacin nan kuwa shi ne rabin ganewar.

Abu na farko, tun kafin a je ko'ina, ɗauko sifana ka taɓa notocin tayar ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa mai faci ya cire taya ya mayar bai ɗaure sosai ba. Noti mai kwance ya fi yin ƙas-ƙas, amma minti biyu ne aikin, kuma tayar da ta fice a kan hanyar Kaduna ba wasa ba ce. In akwai murfin roba a jikin rim ɗin, cire shi ka zaga ka ji. Wallahi na sha ganin murfin nan kawai yana goga yana tsuwwa, mutum ya kwana yana lissafin kuɗin boris.

In ba su ba ne, sai ka nemi hanya mai santsi wadda ba cunkoso, da sassafe ya fi. Kashe rediyo, kashe AC, sauke gilasan baya. In ka samu layin da ke da doguwar katanga, bi ta gefenta a hankali, don katanga tana dawo maka da sautin, za ka ji ko dama ce ko hagu. Wannan ma kada ka raina shi, domin ƙara a cikin mota tana da yaudara, sai ka rantse daga dama take alhali hagu ce. In da hali ka sa wani ya zauna a kujerar baya ya saurara maka.

Abin da za ka fara lura da shi: ƙarar tana bin juyawar taya? Wato in kana tafiya a hankali tana ƙii... ƙii... ƙii, in ka ƙara wuta sai ta riƙa zuwa da sauri-sauri? In haka ne, to wani abu ne mai juyawa yake goga wani abu da ke tsaye. Shakazoba ba ta juyawa. Sifirin ba ya juyawa. Ka ga tun daga nan an fitar da su daga lissafi. Su nasu kukan a kan gargada ne, ko in ka hau tudun rage gudu, ko ka faɗa rami, ko an loda wa motar kaya. Gwajinsu ma ba ya buƙatar tuƙi. Motar tana tsaye, ka danna bayanta da ƙarfi ka saki sau uku ko huɗu. In ta yi ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohon gadon ƙarfe, to bushin ne ya bushe ko ya tsage, ko robar saman shakazoba. Wata dabara da makanikai ke yi, a watsa wa bushin da ake zargi ruwa, a sake dannawa. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, an kama ɓarawon.

Sai abu na biyu, kuma nan ne zan daɗe. Kana cikin tafiya a hankali ƙarar tana yi, ɗora ƙafarka a kan birki kaɗan, ba taka shi sosai ba. Me ya faru? In ƙarar ta ɗauke, ko ta canza murya, ko kuma sai ka taka birkin ne ma take zuwa, to maganar tana cikin birki. Boris bai damu da ka taka birki kaɗan ko ba ka taka ba.

Birkin baya iri biyu ne. Akwai mai faifai, wanda muke cewa dis, da birek fad biyu suna matse shi ta gefe da gefe. Akwai kuma mai diram, wato kamar kwanon ƙarfe a kife, da shu biyu a ciki suna buɗewa su danne shi. Leƙa ta tsakanin rim za ka gani. Yawancin Corolla na waɗannan shekarun da ke yawo a ƙasar nan diram ne a baya, haka ma yawancin Golf 3 ɗin da ake haya da su.

In mai faifai ce, yawancin fad suna zuwa da wani ɗan siririn ƙarfe a gefe. Da gangan kamfani ya sa shi. In naman fad ɗin ya cinye ya rage kamar milimita 2 zuwa 3, sai ƙarfen nan ya fara taɓa faifan yana tsuwwa, yana ce maka lokaci ya yi. Abin da ke rikita mutane shi ne, a motoci da yawa kana tafiya ne yake kukan, da ka taka birki sai ya yi shiru, sai mutum ya ce ai ba birki ba ne tunda in na taka yana dainawa. Shi ne kuwa. In ka share shi, wata rana tsuwwar za ta koma gurnani, ƙurrr, ƙarfe a kan ƙarfe, a lokacin kuma ba fad kaɗai za ka saya ba, har da faifan.

Akwai kuma kalifa, wato abin da ke riƙe da fad ɗin. Tana da ƙusoshi biyu da take zamewa a kansu. In robar da ta rufe su ta yage, ƙura da ruwan damina suka shiga, sai su cije, birkin ya riƙe bai saki duka ba. Gane wannan da sauƙi. Yi tafiyar kamar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da rim na dama, sannan na hagu. Kusa na ce fa, kada ka taɓa faifan, zai ƙona ka. In ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, ko kana jin ƙauri, to wannan ɓangaren yana riƙewa. Irin wannan har mai yake ƙara sha maka ba ka sani ba.

Bayan faifan akwai wani siririn faranti mai tare ƙura. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale tsakaninsa da faifan, ihun da za ta yi sai ka ɗauka motar ce za ta tarwatse. Wani lokaci in ka yi ribas ka ɗan taka birki sai ta faɗo da kanta. Ko kuma farantin ne ya lanƙwashe lokacin da aka cire taya, da hannu ma ana miƙe shi.

To mu dawo kan diram, tunda shi ne a motar mai tambayarmu. Diram rufaffe ne, duk garin da shu ke zubarwa in yana cinyewa a ciki yake taruwa, ga kuma ƙurar hunturu da ke samun hanyar shiga. Wannan kaɗai yana sa tsuwwa. Sannan shu ɗin suna jingine ne a jikin farantin baya, a wasu 'yan tudu guda shida, uku kowane shu. Wurin nan yana son ɗan giris na birki mai jure zafi, kaɗan kamar a shafa da yatsa. In ya bushe, duk sanda ka taka birki ko ka saki sai ka ji ƙiit. Akwai ƙananan sifirin da ke riƙe shu da masu dawo da shi baya, in ɗaya ya karye ko ya saki, shu ɗin zai kwanta a jikin diram yana goga kowane zagaye. Haka in an ɗaure birkin hannu ya yi yawa, ko wayarsa ta yi tsatsa ba ta komawa. Gwajin wannan: a fili inda ba kowa, kana tafiya kamar tafiyar ƙafa, ka riƙe maɓallin birkin hannu ka ɗan ja shi kaɗan ka saki. In ƙarar ta canza, tana cikin diram. Masu Camry da ke da faifai a baya, ku ma wannan gwajin ya shafe ku, don birkin hannunku ƙananan shu ne a ɓoye a cikin tsakiyar faifan, kuma mutane suna mantawa da su shekara da shekaru.

In an buɗe diram, ka tsaya a wurin ka kalla da idonka. In ka ga jiƙa, garin ya cakuɗe ya zama baƙin taɓo, to silindar birki ce take yoyo. Wannan ya wuce maganar ƙara. Man birki yana zuba, shu ya jiƙe ba ya kamawa, kuma wata rana za ka taka ƙafarka ta tafi ƙasa. A canza silindar, a canza shu, kuma dama da hagu tare. Birki ba a canza masa ɓangare ɗaya, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe. Kuma don Allah yaran gareji, ku daina hure garin birki da baki ko da iskar kwamfuresa. Wasu shu ɗin, musamman masu araha, ana samun asbestos a cikinsu, yana lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Wani abu da nake roƙo da babbar murya: kada wanda ya zuba baƙin mai, ko giris, ko irin feshin nan na kwance tsatsa a kan fad ko shu ko faifai wai don ƙara ta mutu. Za ta mutu kam, amma tare da birkin.

Ba kowace tsuwwa ce ta tashin hankali ba. In mota ta kwana cikin ruwan sama ko an wanke ta da yamma, da safe tsatsa mai laushi tana hawa faifai ko diram, taka birki uku ko huɗu ta goge. Wannan ka manta da ita.

Shi kuwa boris da aka sa mai tambayarmu ya saya, asalin kukansa ba tsuwwa ba ce. Ƙugi ne, wuuuu, kamar jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, ya fi fitowa in ka hau babbar hanya. In ka karkata sitiyari hagu nauyi yana komawa dama, to in ƙugin ya ƙaru a lokacin, yawanci na dama ne. Tabbatarwa kuma sai an ɗaga motar. A nan a kula, tunda dole ka sauke birkin hannu kafin tayar baya ta juya, to ka sa motar a giya ko a P, ka tokare tayoyin gaba da dutse ko katako, a kan ƙasa mai tauri, kuma kada ka dogara da jak shi kaɗai. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ka ji wasa ba. Juya ta da hannu, ɗaya hannun a kan sifirin. Boris da ya mutu za ka ji gurzarsa a tafin hannunka. A Golf 3 boris ɗin baya ana iya buɗe shi a wanke, a sa giris, a daidaita notinsa. A irin Corollar nan kuwa a rufe yake zuwa da gidansa, sai dai a canza gaba ɗaya, shi ya sa asarar ta fi ciwo in an canza shi a banza.

Kafin mu shigo shirin na kira mai tambayar na yi masa waɗannan tambayoyi. Ya ce a kan kwalta mai santsi take yi, a ƙaramin gudu, tana bin juyawar taya, kuma in ya taɓa birki tana ɗaukewa. To malam, ni ban ga motar ba, amma duk alamun nan diram suke nunawa, ba shakazoba ba. Ka koma ka ce a cire diram ɗin dama kana tsaye. A duba sifirin ɗin shu ko akwai wanda ya karye, a duba kaurin shu, a duba silinda ko tana yoyo, a duba gefen farantin baya ko akwai inda ya yi ƙyalli alamar diram yana goga shi, sannan a tabbatar birkin hannu yana sakin tayar duka. A buɗe na hagu ma a kwatanta. In an mayar, kafin a sauke jak, ka juya tayar da hannunka ka saurara, sannan ka fita gwaji tare da bakaniken a kan hanyar da ka saba jin ƙarar kafin ka biya.

Abin da aka tarar a ciki ka turo mana, za mu karanta wa jama'a a shiri na gaba in Allah ya kai mu.