Aikin Sa-kai a Dausayin Haɗeja da Nguru

Dausayin Haɗeja da Nguru yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su zama Komadugu Yobe. A garuruwan yankin akwai ƙungiyoyin sa-kai na masunta da manoma da malamai da 'yan makaranta, waɗanda ke aiki da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF. Ruwa ne ke tsara musu aikin shekara.

Da bazara, tun kafin shamuwa ta iso da albishirin damina, ake renon dashen itatuwa a cikin leda, ana ba shi ruwa safe da yamma. Ba a dasa shi sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuli zuwa Agusta. Akan kewaye kowane dashe da ƙaya, don akuya ba ta barin ɗanyen ganye.

Aikin da ya fi cin rai shi ne yaƙi da ciyawar kacala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Wuraren da suka saba bushewa da rani sai suka riƙa kwana da ruwa duk shekara, kacala kuwa ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan-baki mai cinye amfanin gona. Saboda haka idan ruwa ya ja baya, sai a kira gayya. Maza su shiga ruwa har ƙugu da adda da lauje, suna sara suna jan ciyawar zuwa gaɓa. Akan yanke ta a ƙasan ruwa, domin kututturen da ruwa ya rufe yakan ruɓe. Aiki ne mai wuya ƙwarai, ga matsattsaku ga kaifin ganye, amma mashigi ɗaya da aka buɗe yakan mayar wa ƙauye guda kifinsa da nomansa na rani.

Daga kaka baƙin tsuntsaye ke fara sauka, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da suka tsallako Sahara daga Turai. A watan Janairu, cikin tsananin hunturu, ake ƙidayar tsuntsayen ruwa, wadda ake yi a ƙasashe da dama tun 1967. Masu ƙidaya kan yi sammako zuwa tafkin Dagona ko Baturiya da madubin hangen nesa da littafi. Masunta ne jagorori, domin su suka san inda dinya da kirinjijiya ke kwana.

Ranar 2 ga Fabrairu ake bikin Ranar Dausayi ta Duniya, inda ake kai 'yan makaranta bakin ruwa. Zuwa Afrilu baƙin tsuntsaye sun tashi, masu reno kuma sun koma cika ledoji da ƙasa da taki.