Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Lissafin da Ake Yi Kafin a Sauya Gari

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Mararaba ranar Litinin bayan sallar asuba ya san abin da ake kira neman abinci a Abuja. Gari bai gama wayewa ba, amma titi ya cika. Ga ma'aikaci riƙe da jakar takardu, ga mace ta goya jariri tana jan hannun ɗan makaranta, ga birkila da cebur a kafaɗa, kowa ido na kan motar da za ta rage gudu. Mafi yawansu a cikin Abuja suke aiki, amma a Jihar Nasarawa suke kwana, domin can ne kuɗin hayarsu ya kai. Da yawa sun baro Kano ko Katsina ko Bauci saboda albashin da aka yi musu tayi ya fi wanda suke karɓa a gida. Wasu sun ci ribar tasowar. Wasu kuwa, in ka zauna da su, za su ce maka albashin a hanya yake ƙarewa.

Abin da yakan raba waɗannan da waɗancan shi ne lissafin da aka yi, ko aka ƙi yi, kafin a ɗaure kaya. Lissafin yana da fuska biyu: tsadar rayuwa, wato abin da mutum zai kashe don ya ci, ya sha, ya kwana, ya je wurin aiki, da ingancin rayuwa, wato irin zaman da zai samu bayan ya kashe kuɗin.

Albashi da abin da yake iya saye

A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019. Doka ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya, amma naira 70,000 a Gusau daban take da naira 70,000 a Legas. Darajar kuɗi tana ga yawan kwanon hatsi da kwanakin haya da zai iya saye a inda mai shi yake zaune.

Abinci ne ke cin kaso mafi girma. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa fiye da rabin abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a kan abinci yake tafiya. Shi kuwa abinci, farashinsa yana bin nisan da ya yi daga gona. Magidancin Kano yana kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau da gonakin noman rani na Kura da Kadawa. Kwandon tumatirin da aka loda a can, kafin ya sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya ɗauki kuɗin dizal, da ladan direba, da abin da aka kashe a shingayen hanya, da asarar wanda ya ruɓe. Duk wannan mai cefane ne zai biya. Haka lamarin yake in an juya: manja da garin rogo da kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa sukan fi sauƙi a kudu. Hukumar Ƙididdigar tana fitar da farashin kayan abinci da na man fetur duk wata, jiha-jiha, kuma mai waya zai iya dubawa a intanet.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, nisa ya ƙara tsada. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Saboda haka labarin da wani ya ba ka na yadda ya zauna a wani gari shekara biyar da suka wuce ba zai yi maka jagora yau ba. Farashin wannan watan za ka nema.

Haya da kuɗin mota abu ɗaya ne

A manyan biranen Nijeriya hayar gida ta shekara ce, kuma tun farko ake biya. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa ko za a yi masa ɓarna. Wanda bai tanadi waɗannan ba, da bashi zai fara sabuwar rayuwarsa.

Tsadar gidaje a Abuja tana da tarihi. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, ƙasarsa tana hannun gwamnatin tarayya, kuma gini sai da izini bisa tsarin da aka shata. Jama'a suka yi ta kwararowa fiye da yadda gidaje ke ƙaruwa. Unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura mutane waje. Haka Kubwa da Lugbe da Nyanya da Gwagwalada suka cika, har abin ya tsallaka Mararaba da Masaka a Nasarawa, da Suleja a Jihar Neja.

Darasin da ke nan ya shafi kowane babban birni: sauƙin haya a bayan gari da kuɗin mota ake biyansa. Dole a haɗa su wuri ɗaya a lissafi. Mu ɗauki misali don kwatance. A ce ma'aikaci yana karɓar naira 200,000 a Kano, yana zaune a sashensa na gidan gado, a-daidaita-sahu ɗaya ke kai shi ofis. Aka yi masa tayin naira 350,000 a Abuja. Ƙarin naira 150,000 ke nan, abin da zai sa dangi su fara yi masa barka. To, a ce ya samu ɗaki biyu da falo a bayan gari kan naira 1,200,000 a shekara. Naira 100,000 ke nan duk wata. A ce zuwa da dawowa na cin naira 3,000 kullum. A kwanakin aiki 22 ya zama naira 66,000. Haya da mota kaɗai sun cinye naira 166,000, sun zarce ƙarin, alhali ba a sayi ko ƙwayar shinkafa ba. Kowa ya sa nasa alƙaluman a wannan gurbi, ya ga abin da zai saura. Abin da ya saura ɗin nan shi ne albashin gaskiya.

Lokaci ma kuɗi ne, har ya fi

Akwai abin da ba ya fitowa a takardar albashi. Wanda cunkoson motoci ke cinye wa awa biyu da safe, awa biyu da yamma, ya ba hanya awa 20 a mako. In ya yi makonni 48 yana aiki, awa 960 ke nan, daidai da kwana 40 cur, dare da rana, a cikin mota. Wannan uba zai fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. Ba zai san abin da aka koya musu a makaranta ba, ba zai samu jam'in magariba a masallacin unguwa ba, sana'ar hannun da yake ɗan taɓawa da yamma ta tsaya. Jiki ma yana karɓar rabonsa na gajiya da hayaƙi da ƙarancin barci. Gida mai ɗan tsada kusa da wurin aiki sau da yawa ya fi araha in an sa waɗannan a ma'auni.

Ɗan hakin da ka raina

Sai ƙananan abubuwa da ba a tuna su sai an tare. Ruwa ne na farko. Unguwar da famfo ke zuwa daban take da wadda sai an jira 'yan garuwa. Gida mai yara biyar da ke sayen kurar ruwa duk kwana biyu yana biyan wata hayar ce a ɓoye. Wuta ma haka. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Wanda ke wannan layi zai ga wuta ya kuma ji ta a aljihu. Wanda ba ya kai zai koma ga janareta ko sola. Kafin a biya haya, a tambayi rukunin layin, a duba ko akwai mita, a kuma tabbatar wanda ya tashi bai bar bashin wuta ba.

A tambayi makaranta: ta gwamnati da ke kusa tana karatu, ko dole sai ta kuɗi? Akwai Islamiyya da yara za su iya zuwa da ƙafa? A tambayi asibiti: in naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare, minti nawa ne zuwa inda za a samu ungozoma da likita? A tambayi tsaro, ba na gari gaba ɗaya ba, na layin da za a zauna da hanyar da za a riƙa bi zuwa gida.

Mai sana'a kuma ya binciki dokar gari game da sana'arsa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, a birnin Kano tun 2013, a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022. Wanda ya sayar da akuyoyi ya sayi babur ya nufi birni bai bincika ba, yana iya rasa jarin a rana ɗaya.

Yanayi ma abin dubawa ne. Sanyin Jos da zafin Sakkwato a watan Afrilu, inda ma'auni ke wuce digiri 40, ba ɗaya suke ga tsoho ko mai ciwon asma ba. Ambaliyar Lokoja a 2012 da 2022, da ta Maiduguri a watan Satumbar 2024 bayan fashewar madatsar Alau, sun nuna cewa gidan da ya burge ka da rani yana iya zama tafki da damina. Mai neman gida ya duba bango ko akwai shatin ruwa, ya tambayi mai shayin bakin layi, ba dillali ba.

Dukiyar da ba a ƙirgawa

Babban abin da mai ƙaura ke bari a baya shi ne mutane. A garinku akwai kakar da ke riƙe yara in uwarsu ta fita unguwa, akwai mai shagon da ke ba ka bashi zuwa ƙarshen wata, akwai buhun geron da ke zuwa daga gonar gado bayan kaka, akwai 'yan adashin da suka san ka, da maƙwabcin da zai kai matarka asibiti in ba ka nan. Ba ka taɓa biyan ko sisi a kan waɗannan ba, shi ya sa ba ka ganin su. A sabon gari kowannensu da kuɗi za ka saye shi, wasu kuma ko da kuɗi ba sa samuwa. Ita ma uwargida da ke ɗinki ko ƙuli-ƙuli a cikin gida za ta bar masu sayenta, ta fara daga tushe a inda ba wanda ya san ta.

Zumunta kuma a ƙafa take. Sallah biyu a shekara, bikin ƙanwa, rashin lafiyar mahaifi, ta'aziyya: duk tafiye-tafiye ne da ba za a iya ƙin yi ba, kuma kuɗin motar iyali gaba ɗaya ya kamata ya shiga lissafin shekara.

Fataken zamanin da sun san da wannan. Shi ya sa suka kafa zango a Kumasi da Accra, da Sabo a Ibadan, da unguwannin Hausawa a Agege da Idi-Araba, inda baƙo ke samun masauki da wanda zai tsaya masa a ciniki har ya san gari. Tambayar da suka yi ita ce har yau: wa zan sauka wurinsa, wa zai tsaya mini in abu ya faru?

Yadda za a yanke shawara

Duk wannan ba hujjar zama wuri ɗaya ba ce. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Akwai matashin da ƙwarewarsa ba ta da kasuwa a garinsu, akwai mara lafiyar da ke buƙatar zama kusa da babban asibiti, akwai iyalin da rashin tsaro ya hana noma. Akwai kuma aikin da albashinsa na farko bai taka kara ya karya ba, amma zai buɗe ƙofar da ba za ta taɓa buɗuwa a gida ba. Mai irin wannan dalili yana iya yarda ya sha wuya shekara biyu, matuƙar ya san wuyar da ya zaɓa da ranar da yake sa ran fita daga cikinta.

Hanya mafi aminci ita ce ta 'yan cin rani: mutum ya fara zuwa shi kaɗai. Ya kwana a unguwar da yake son zama, ya bi hanyar ofis a ranar aiki da sassafe, ya shiga kasuwa ya tambayi farashin mudu. Ya zauna da wanda samunsa ya yi daidai da nasa, domin shawarar mai mota ba ta amfanin mai jiran mota. Ya tanadi abin da zai riƙe gida na wata uku ko da albashi ya makara, kada kuma ya sayar da gona ko gida kafin ƙafarsa ta kafu.

Bayan ya dawo, ya samu takarda ya raba ta biyu, garinsu a hannun dama, sabon gari a hagu. Ya zauna da matarsa bayan isha'i su cike ta tare, domin ita ta san kuɗin cefane da na ruwa, ita ce kuma za ta wuni a gidan da za a kama. Su rubuta abin da ake ƙirgawa da naira, su rubuta wanda ake ƙirgawa da awa, su rubuta sunayen mutanen da za su bari da waɗanda za su tarar. Daga nan a nemi shawarar iyaye, a yi istihara, sannan a kira mai mota.